Wasiƙa daga San Diego: Yaya, Kada a Fasa Gwangwanin Yaron Nan

San Diego, Kalifoniya, Amurka

Zuwa ga Yayana,

Ina fata kana lafiya, da Inna, da iyali, da duk mutanen Yasore. Yaya gona, yaya kuma haƙuri da halin da ake ciki? Duk labarin da ya fito daga Batsari ko Safana ko bakin dajin Rugu yana iso mini kafin in kwanta, daga nan kuma barci sai dai ɓarawo. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ni ina nan ƙalau, aikin kafinta yana tafiya, alhamdu lillahi.

Na saurari saƙon muryarka game da yaronmu. Ka ce ya samo gwangwani da sanda da wayar burkin keke ya haɗa abin kiɗa, kullum yana bayan rumbu yana damun mutane, kuma ka gaya masa in ka sake gani za ka fasa, domin mu ba maroƙa ba ne. Ban amsa nan take ba saboda maganar ta fi ƙarfin saƙon waya. Ka yi mini haƙuri in bi ta doguwar hanya, in fara ba ka labarin wasu mutane da na faɗa cikinsu a nan.

A wurin aikinmu akwai wani dattijo Bature, gwanin sassaƙa. In an tashi aiki sai ya jawo kututturen dabino ya yi ta fafe shi har ya fitar da fuska mai wagegen baki da manyan idanu. Ya ce mini sunan abin tiki, kuma akwai jama'a guda da suka ɗauki wannan a matsayin abin sha'awarsu. Suna sa riguna masu zanen furanni, suna yi wa bayan gidajensu rumfar gora da bunu, su rataya ragar kamun kifi da fitilu masu launi, su zauna ciki suna riya cewa suna wani tsibiri a tsakiyar Tekun Pasifik, alhali babban titi yana nan bayan katanga motoci na ta wucewa.

Tsibirin nan nasu babu shi a taswira, a nan Kalifoniya aka ƙirƙiro shi. Da aka ɗage dokar hana sayar da barasa a ƙarshen 1933, wani mai yawon duniya, Ernest Gantt, wanda daga baya ya mai da sunansa Donn Beach, ya buɗe 'yar mashaya a Hollywood, ya ƙawata ta da tarkacen da ya kwaso a tafiye-tafiyensa. Victor Bergeron na Oakland ya gani ya kwaikwaya, a 1937 ya sauya wa tasa suna zuwa Trader Vic's. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Pasifik bayan 1945 suka ƙara wa abin kasuwa, haka ma shigar Hawai cikin jihohin Amurka a 1959. In ka bincika za ka tarar giyar ta rake ce daga Karibiyan, abincin na Sinawa ne, gumakan na mutanen Polinesiya, riba kuwa ta Turawa. Yayin ya mutu a shekarun 1970, sannan wasu suka tono shi. Yanzu kowane watan Agusta dubban mutane suna taruwa a nan San Diego don wani biki da ake kira Tiki Oasis, wanda aka fara a Palm Springs a 2001.

Kafin ranka ya ɓaci, bari in gaya maka inda na tsaya. Ba na shiga mashayarsu, ba na zama inda ake zuba barasa, kuma na faɗa wa dattijon nan cewa ba zan taya shi sassaƙa fuska ba. Ya karɓa ba tare da gardama ba. Akwai ma 'yan asalin Hawai da abin yake yi wa ciwo, kuma ina ganin gaskiyarsu. A 1893 aka tumɓuke sarauniyarsu Liliuokalani, a 1896 aka yi dokar da ta fitar da harshensu daga azuzuwa, a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar. Bayan duk wannan sai su ga surar Ku da Lono, waɗanda kakanninsu suka bauta wa, an mai da ita kofin shan giya. Ni ba ruwana da gunki, amma wulaƙanci kowa ya san ɗacinsa.

Abin da ya riƙe ni wajensu shi ne zaman ranar Lahadi da rana a garejin dattijon. Babu barasa a wannan zama, sai ruwan abarba da gahawa da jita jingine a kowane lungu. Suna da al'ada: duk baƙon da ya zo sai ya miƙe ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Na ga tsohon sojan ruwa da matarsa ta rasu, gida ya yi masa faɗi. Na ga ma'aikaciyar jinya 'yar asalin Filifin da ke zuwa da kayan aiki a jikinta. Na ga saurayin da in ya yi magana sai ka kasa kunne sosai don kunya. Kowa zai fara da cewa ado ko zane ne ya ja shi, amma magana ba ta nisa sai wani ya tambaya: kana kaɗawa? In ya ce a'a, kafin ya koma mazauninsa an ɗora masa yukulele a cinya, an kama yatsunsa an dasa su kan tsirkiya. Babu mai tambayar ɗan gidan wane ne, ko a gidansu an gaji kiɗa. Likita da mai gyaran famfo kujerarsu ɗaya, wanda ya fi iyawa shi ke gaba.

A nan na gane cewa a duk wannan tsibiri na ƙarya, kiɗan ne kaɗai ke da asali na gaskiya, kuma shi ma baƙi ne suka kai shi. Yukulele, 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya 4, ta samo tushe daga mutanen Madeira ta ƙasar Fotugal da jirgin ruwan Ravenscrag ya sauke a Honolulu a 1879 don aikin gonar rake. A cikinsu akwai kafintoci, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, su suka fara ƙera ta. Ka ji, Yaya, abokan sana'ata ne. Sarki Kalakaua ya so ta ya shigar da ita fada, sai kowa ya ɗauka. Ita babbar jita kuwa ana danganta zuwanta da makiyayan Meziko da aka ɗauko a shekarun 1830 don su koya wa mutanen tsibirin kiwon shanu. Da suka tafi suka bar kayan kiɗan, mutanen Hawai suka sassauta tsirkiyoyin suka ɗaure su yadda kunnensu ya so.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Joseph Kekuku, yaron ƙauyen Laie da aka haifa a 1874. Tun yana ɗan makaranta ya kwantar da jita a cinyarsa, maimakon ya danna tsirkiya da yatsa sai ya riƙa goga mata guntun ƙarfe yana zamewa sama da ƙasa. Sautin da ke fita yana ja yana lanƙwasa, ba ya yankewa, kamar kukan goge a hannun gwani. Wasan yara ne a farko. Amma bayan baje kolin San Francisco na 1915 kiɗan Hawai ya mamaye Amurka, kuma jita mai lantarki ta farko da aka sa a kasuwa, ta kamfanin Rickenbacker a 1932, irin wannan ce ta kwantarwa a cinya. Dattijon yana cikin ba ni wannan tarihi sai ya sa faifan Juju Music na King Sunny Ade na 1982, ya ce in saurara da kyau. Wallahi ga sautin nan a ciki, Demola Adepoju ne ke kaɗa shi. Mun sha jin wannan kiɗa a shagunan Yarabawa a Katsina, ashe dabarar wani yaro ce daga tsakiyar teku ta ratso ta Amurka ta sauka Legas.

 

Da layi ya zo kaina a zaman garejin na faɗa musu garinmu, na ba su labarin garayar mafarauta da gurmi da molo da kukuma. Na nuna musu Ɗan Maraya Jos a waya, Allah Ya jiƙansa, na ce su duba abin da ke hannunsa: kuntigi ne, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tak, kuma da shi ya yi wa direbobi da 'yan garuwa da ma'aurata nasiha har ya rasu a 2015. Suka yi tsit, suka sa na maimaita. Sai saurayin nan mai kunya ya tambaye ni ko garinmu yana kusa da su Mdou Moctar. Na ce maƙwabta ne, Nijar ce. Ashe ya haddace tarihinsa: Buzu ne, iyayensa masu riƙon addini ba su so ya yi kiɗa ba, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin Turawa su ji. Yau manyan dandali yake cikawa a Amurka da Turai. Da ya ambaci wayar burki sai yaronmu ya faɗo mini.

Ban ce kowane mai gwangwani zai zama Ɗan Maraya ba. Na kuma san abin da kake tsoro, domin ni ma a gidan na tashi: roƙo, da yawon biki, da barin karatu, da abokan banza. Tsoro ne mai dalili. Amma roƙo daban, iya sarrafa tsirkiya daban. Mutanen garejin nan babu wanda ke miƙa hannu a ba shi ko sisi, kowa da sana'arsa, Litinin ta yi ya koma bakin aiki. A wurinmu ne muka ɗaure abin biyu da igiya ɗaya, muka ce sai wanda ya gada, sannan muka raina wanda ya gada ɗin. Mamman Shata na Musawa ma ba gadon kiɗa ya yi ba, mahaifinsa bai so ba, yau kuwa duk Bakatsine da shi yake tinƙaho.

Ka kuma dubi zamanin da yaron ya tashi a ciki. Mu mun yi wasan dandali da farin wata, mun bi shanu har cikin daji ba fargaba. Shi magariba na yi ake kulle ƙofa, gona mai nisa ta gagara, sa'o'insa wasu sun watse zuwa Batsari da Katsina. Yaron da ya zauna bayan rumbu ya auna sanda, ya huda gwangwani, ya ja waya har ta ba shi sautin da yake nema, yana da kunne da haƙuri da hannu. Ko bai zama makaɗi ba, irinsa ne ke zama kafinta ko makanike na kirki. Batun hukuncin addini kuwa ba na sa baki, ka fi ni kusa da malamai, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa.

Roƙona guda biyu ne. Ka gindaya masa sharaɗi: allo da boko da aikin gida su zo farko, ba kiɗa lokacin salla, ba bin biki. In ya kiyaye, a bar masa gwangwaninsa. Na biyu, tsohon nan mai garaya na unguwar mafarauta, in yana raye, ka sa yaron ya je ya gaishe shi da goro, ya ɗauko mini kiɗansa a waya tare da sunan kowane take da wanda ake yi wa shi. Na yi wa mutanen nan alkawarin za su ji, kuma ni ma ina so in ajiye. Zan haɗa kuɗin goron da na kati cikin saƙon Inna na ƙarshen wata.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ina gaida matanka da yara, da Liman, da Mai Unguwa. Ina jiran amsarka. Allah Ya tsare ku, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka,
Ƙaninka