Kwamfutar da ba ta da linzami ba gawa ba ce

A makarantar da nake koyarwa a nan Damagaram akwai ɗakin da muke kira ɗakin kwamfuta, ko da yake ƙura ta fi mu shigarsa. Tsofaffin kwamfutoci ne da aka ba mu kyauta. Bayan hunturu biyu sai linzamansu suka soma mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wato ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ana nuna wuri da shi. Da na ƙarshe ya daina motsi, muka sa kwaɗo muka rufe ƙofa. Har da ni a masu wannan shawara. Da alli da allo aka horar da ni aikin malanta, kuma a ganina ba mai hawan doki ba linzami.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar André Salifou shi ya gyara mini zama. Lokacin hutu ya roƙe ni makulli, ya ɗora wa kwamfutocin tsarin Linux, ya buɗe wani baƙin allo wanda babu hoto ko ɗaya a kansa, sai rubutu. A ciki ya buɗe Vim, manhajar da masu tsara shirye-shiryen kwamfuta ke rubutu da ita. Ya nuna mini wata 'yar alama mai ƙyaftawa, ya ce, "Kawu, ga tsinkenka."

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tsinken da yaro ke bin baƙaƙe da shi. Aikin alamar ke nan: inda ta tsaya, nan za a rubuta ko a goge. Da harufa huɗu ake tuƙa ta, a jere ƙarƙashin hannun dama: h hagu, j ƙasa, k sama, l dama. Idan ka danna w za ta tsallaka kalma guda, b ta dawo baya. Alamar 0 farkon layi ce, $ ƙarshensa. Danna gg ya kai ka saman takarda, G ƙasanta. Ka ce 5j, ta sauka layi biyar lokaci guda. In rubutu za ka yi, ka danna i. In ka gama, ka danna Esc ka koma tafiya.

Wannan na ƙarshe shi ya kayar da ni ranar farko a gaban aji. Na manta da Esc, ina ta danna j, allo ya cika da jjjj, alama ta ƙi sauka. Gumi ya keto mini. Sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, har yanzu kana cikin rubutu, ba ka fito ba." Sau ɗaya ta ga an yi, ta riƙe.

Daga baya na gane cewa rashi ne ya haifi wannan dabara. A 1976 wani ɗalibi mai suna Bill Joy ya rubuta kakan Vim, wato vi, a jami'ar Berkeley ta Amurka. Na'urar da yake aiki da ita, ADM-3A, ba ta da linzami, kuma a kan harufan h, j, k, l aka zana kibiyoyinta. Layin wayar da ke haɗa shi da babbar kwamfuta tafiyar hawainiya yake yi, dole kowane umarni ya zama gajere. A 1991 Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fitar da Vim kyauta, daga baya ya riƙa roƙon masu amfani da ita su taimaki yara mabukata a Uganda. Ya rasu a 2023, amma aikinsa na nan, har a ɗakinmu mai ƙura.

Malamin da zai gwada ya lura da abu ɗaya. Madannanmu na Nijar galibi tsarin Faransa ne, AZERTY, waɗanda ake kawowa daga Kano kuwa QWERTY. Harufan nan huɗu wurinsu ɗaya a duka biyun, amma w ta sauya wuri, kuma a AZERTY sai ka haɗa da Maj kafin lamba ta fito. Akwai darasi a cikin manhajar, sunansa vimtutor, har da na Faransanci. Kamar rabin awa yake ci, ba ya buƙatar intanet.

Ba na cewa kowane ɗalibi zai zama mai tsara manhaja. Abin da na gani dai shi ne, yaron da ya saba da madannai ya daina tsoron na'ura, yana ratsa rubutu kamar yadda ɗan Birni ke ratsa lungunan unguwarsu da dare ba fitila. Yana kuma tunani kafin ya motsa: ina nake, ina za ni, taku nawa ne?

Saboda haka, 'yan uwana malamai, kafin mu sake rubuta takardar neman kayan aiki, mu buɗe ɗakunan da muka rufe mu ga abin da ke da sauran numfashi. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro ya duƙufa a kan baƙin allo ba hoto ba bidiyo, kada ku ɗauka na'urar ce ta lalace. Mu dai makullinmu yanzu yana hannun shugabar aji, yarinyar nan ta bencin baya, kuma kowace Laraba ita ke buɗe ƙofa.