Hannun Daman Autanmu



Idan na dawo daga makaranta ni ce nake goyon autanmu, domin Umma tana tuyar awara da yamma, Baba kuma yana aiki a kamfanin jima a Challawa, sai dare yake shigowa. Saboda haka duk gidanmu na Zawaciki babu wanda ya san Auta kamar ni.

Yana da wata shida na lura da wani abu. Duk abin da na miƙa masa, da hagu yake karɓa. Hannun dama kuwa kullum a dunƙule yake, babban yatsan a ciki. Ko wanka ake masa sai an buɗe shi a hankali kafin a wanke tafin. Na gaya wa Kaka, sai ta yi dariya ta ce, "Ke dai kin cika sa ido. Bahago ne kamar kawunku." Na tuna ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, sai na ja bakina na yi shiru. Wata uku ina shiru.

Da ya cika wata tara muna hutu, sai na raka Umma asibitin sha-ka-tafi don a yi masa rigakafin ƙyanda. Ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko yana zama da kansa. Umma ta ce sai an tokare shi da matashi. Ban san lokacin da na ce, "Anti, kuma ba ya amfani da hannun dama" ba. Umma ta harare ni, amma ma'aikaciyar ta ajiye biro ta riƙe hannunsa na hagu, ta nuna masa makulli. Ya bi makullin da ido har ya yi kuka, amma bai miƙa daman ba.

Ta ce mana jariri ba ya zaɓar hannu kafin ya shekara. Idan ya zaɓa da wuri haka, sau da yawa ɗayan ne yake da rauni. Ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a cikin gari. A can likita ya tambayi Umma yadda haihuwar ta kasance, ta ce naƙuda ta yi tsawo kuma bai yi kuka da wuri ba. Ya yi bayani cewa matsalar ba daga ƙashin hannun take ba, daga ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ba hannun umarni ne.

Daga nan aka haɗa mu da mutum biyu a Asibitin Ƙashi na Dala. Ɗaya mai gashi ne, yana kula da wuya da baya da ƙafafu. Ɗayar kuma aikinta shi ne koya wa yaro ayyukan yau da kullum, kamar riƙe kofi, kai abinci baki da sa hannu a riga. Ba allura take yi ba, ba ta kuma ba da magani. Da wasa take aiki. Ta ce ƙwaƙwalwar jariri ta fi saurin koyo a shekarun farko, shi ya sa ba a son jinkiri.

Ta koya mini in riƙa ajiye abin wasa ta gefen damansa, in ba shi babban kwano wanda sai da hannu biyu zai ɗauku, in kwantar da shi rub da ciki a tabarma idonsa biyu ina kusa da shi. Na zuba wake a gorar ruwa, Baba ya ɗaure murfin tamau, ta zama kacau-kacau.

Ga alamomin da ta ce idan an gani a je asibiti, na rubuta su a bayan littafina:

1. Wata 4 bai tsayar da wuya ba, ko hannu kullum a dunƙule.
2. Wata 6 ba ya miƙa hannu ya ɗauki abu.
3. Wata 9 ba ya zama da kansa.
4. Shekara 1 ba ya tsintar ƙaramin abu da yatsa biyu, ko hannu ɗaya kawai yake amfani da shi.
5. Shekara 1 da rabi bai fara tafiya ba.
6. Ya iya wani abu, daga baya ya daina.

Yanzu Auta yana da shekara 1 da wata 4. Bai fara tafiya ba, kuma kuɗin adaidaita sahu zuwa Dala yana yi wa Baba nauyi. Amma ran Juma'ar da ta wuce ya riƙe kofin kununsa da hannu biyu, ya sha rabi, ya zubar mini da rabi a hijabi. Kaka ce ta fara yin guɗa.

Har yau ina tuna wata ukun da na yi shiru. Yawancinmu muna goyon ƙanne. Idan kin ga wani abu, ko ka ga wani abu, ku faɗa cikin ladabi. Idan ba a ji ba, ku sake faɗa ranar awo ko ranar rigakafi. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya raya mana ƙannenmu.

Daga wata ɗaliba, aji biyu na ƙaramar sakandare