Kason Wa Na Ci?

Da kaso na shiga jami'a, kuma ban taɓa ɓoye haka ba, ko a gida ko a nan Amurka. Makin da na samu a jarrabawar JAMB a tsakiyar shekarun 1980, da ɗan Anambara ne ya same shi ko ɗan Ondo, da sai dai ya haƙura ya sake zama baɗi. Ni kuwa takardata ta ce Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka cire Katsina, kuma muna cikin jihohin da gwamnatin tarayya ta ce an bar su a baya wajen boko. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne mahaifina mahauci ne, kakana ma mahauci, kuma a garinmu akwai gidajen da ko digiri uku na riƙa na je neman aure, sai an tambayi sana'ar gidanmu kafin a tambayi halina.

Barin da aka yi mana a baya gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. 'Yan mishan sun buɗe sakandare a Legas tun 1859. Mu sai a 1909 Baturen nan Ɗan Hausa ya fara makarantarsa a Nassarawar Kano, Kwalejin Katsina kuma sai farkon shekarun 1920, kuma duka biyun 'ya'yan sarakuna da na malamai aka fi nufa da su. Jami'ar Ahmadu Bello sai 1962. Duk wanda ya ce a jera ɗan Funtuwa da ɗan Abekuta a layi ɗaya a busa usur, ko dai bai san wannan tarihi ba, ko ya sani ya kau da kai. Shi ya sa aka shigar da raba daidai cikin kundin tsarin mulkin 1979, shi ya sa kuma har yau ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 na gurabe a bi maki zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da ke baya a ilimi. Mutane kan manta cewa Bayelsa da Ebonyi ma suna cikin wannan rukuni na ƙarshe.

Ni boko ta same ni ne a bakin teburin nama. Hedimasta ya zo sayen tsoka ranar kasuwa, ya ga ina yi wa mahaifina lissafin canji da ka, ya ce a ba shi ni. Mahaifina ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan mahauci ina shi ina alƙalami? In ya tafi wa zai riƙe min wuƙa?" Sai da Sarkin Fawa ya sa baki. Ƙannena biyu ba wanda ya zo sayen nama ranar da ya kamata ya gan su, suna nan kan sana'ar gado har yau, kuma ɗayansu ya fi ni kaifin kai nesa ba kusa ba.

A jami'a ne na fara duban waɗanda muka ci kason nan tare. Da yawansu 'ya'yan manyan sakatarori ne da hakimai da hafsoshin soja, sun yi firamaren kuɗi a Kaduna, sun yi kwalejojin tarayya, wasu ba su taɓa kwana a ƙauyen da aka rubuta a takardar asalinsu ba. Mutanen kirki ne, har yau ina zumunci da wasunsu. Amma gurbin da aka keɓe saboda yaron da ke karatu a ƙarƙashin bishiya, shi ɗan babban sakatare ya hau, don jiharsu ɗaya. Lokacin hidimar ƙasa a kudu, wani abokin aiki ya kira ni ɗan kwota a gaban ɗalibai. Ya ƙona min rai, amma abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne a idonsa ni da ɗan hakimi duk abu ɗaya ne, haka ma a idon dokar.

Ina koyarwa a wata sakandare a 1990 labarin Indiya ya fara zuwa ta rediyo. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san labarin saurayi da budurwar da asali ya raba, amma ba mu ɗauka abin zai kai ga wuta a kan titi ba. Ranar 7 ga Agusta, Firayim Minista V.P. Singh ya ce zai yi aiki da rahoton Hukumar Mandal, wanda ya yi shekara goma a ajiye, wato a keɓe kashi 27 na ayyukan gwamnatin tarayya ga zuriyoyin da aka bari a baya, ƙari a kan kashi 22.5 da aka riga aka ware wa 'yan Dalit, wato zuriyoyin can ƙasa, da ƙabilun daji. Ɗalibai 'ya'yan zuriyoyin sama suka cika titunan Delhi. Ranar 19 ga Satumba wani ɗalibi, Rajiv Goswami, ya cinna wa kansa wuta. Bai mutu a lokacin ba, amma wasu matasa sun bi sahunsa sun mutu, kuma kafin ƙarshen Nuwamba gwamnatin ta faɗi. A ɗakin malamai kowa mamaki yake yi, wai ashe akwai ƙasar da ake raba mutane da sana'ar kakanni. Na yi shiru. Duk wanda ke ɗakin ya san matsayin maƙeri da wanzami da maroƙi da mahauci idan zancen aure ya tashi, ya san yadda ake rage murya a ce wane ai jikan bayi ne. Namu bai kai nasu tsanani ba, ba a hana mu ɗiban ruwa a rijiya, kuma a masallaci sahu ɗaya muke tsayawa. Amma yana nan, kuma babu wata takardar gwamnati da ta taɓa yarda yana nan.

A ƙarshen shekarun 1990 na ci cacar biza na taho New York, na sauka Port Richmond a arewacin tsibirin Staten Island, inda haya ta fi sauƙi. Unguwa ce ta bakin ruwa, gadar Bayonne na kallonka daga ko'ina, shagunan 'yan Meziko sun cika babban titinta, da safe leburori na tsaye a kusurwa suna jiran mai ɗauka. Na samu aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti. A nan na haɗu da Indiya ta biyu, wadda ba ta rediyo ba.

Maƙwabcina mai harhaɗa magunguna ne, ɗan gidan Brahman, wato zuriyar sama, kuma yana cikin waɗanda suka yi zanga-zangar 1990. Mutum ne mai kirki, shi ya kai matata asibiti a motarsa daren da za ta haihu ina wurin aiki. Labarinsa bai taɓa canzawa ba: mahaifinsa ƙaramin akawu ne, ya yi karatu da fitilar aci-balbal, ya ci maki, aka bai wa wanda bai kai shi ba. A wurin aiki kuma akwai wata mata 'yar Punjab, daga zuriyar masu jima, wadda kan je wurin ibadar mabiya Ravidas a Queens. Mun daɗe muna aiki tare kafin ta faɗa min asalinta, kuma ta roƙe ni kada in faɗa wa sauran 'yan ƙasarsu. Kakarta ba ta taɓa shiga ɗakin girkin gidan da ta yi wa aiki ba. Ita ce ta farko a danginsu da ta taka jami'a, da kaso. Ita ta gaya min cewa Ambedkar, ɗan Dalit ɗin da ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya na 1950, a Jami'ar Columbia ya yi karatu, a nan garin, daga 1913. A 2006, da aka faɗaɗa kashi 27 ɗin zuwa manyan makarantun tarayya, ɗaliban likitanci a Delhi suka shiga yajin cin abinci, 'yan sanda na fesa musu ruwa, ina jin labari ɗaya da baki biyu, ɗaya da safe a wurin aiki, ɗaya da yamma a ƙofar gida.

Na fi karkata ga matar, ban kuma ɓoye wa maƙwabcina ba. Amma akwai abin da na koya daga rigimar tasu wanda Nijeriya ba ta koya ba. A 1992 Kotun Ƙolin Indiya ta amince da kason Mandal da sharuɗɗa: kada jimillar abin da aka keɓe ta wuce rabi, kuma a cire masu hali na cikin waɗancan zuriyoyi daga cin kashi 27 ɗin. Wato ɗan babban ma'aikaci ba zai fake da sunan kakansa ba. Daga 2017 iyakar kuɗin shigar gida ita ce rupi dubu 800 a shekara. A 2019 kuma aka ware kashi 10 ga talakawan zuriyoyin sama, irin gidan su maƙwabcina. Tsarin na da ramuka, ana sayen takardun ƙarya kamar yadda ake yi a wurinmu. Duk da haka sun yarda su leƙa cikin gidan yaro. Mu a bakin iyakar jiha muka tsaya.

Sai abin ya biyo ni har ɗakina. A New York akwai manyan sakandaren gwamnati takwas da ba a shiga sai da jarrabawa guda, SHSAT, wadda dokar jiha ta 1971 ta kafe a kan tsofaffin cikinsu. Ɗaya tana nan tsibirinmu, Staten Island Tech, a New Dorp. A watan Yuni 2018 magajin gari Bill de Blasio ya ce a soke jarrabawar sannu a hankali, a riƙa ɗaukar zakarun kowace ƙaramar sakandare. Iyaye 'yan Asiya suka yi gangami a gaban fadar magajin gari, maƙwabcina na cikinsu da kwalinsa. Da yawansu ba masu kuɗi ba ne, masu aikin gidan abinci ne da wanki da guga, da ke tsuke bakin aljihu su biya kuɗin lasin. Majalisar jiha ba ta amince da shirin ba. A Maris 2019 sakamako ya fito: cikin gurabe 895 na makarantar Stuyvesant, baƙar fata bakwai ne suka samu, a birnin da baƙaƙe da 'yan Latin Amurka suka kai kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban gwamnati. A ƙarshen shekarar ɗalibai na ƙungiyar Teens Take Charge suka riƙa ficewa daga aji ranakun Litinin suna neman a daina ware makarantu. Ba su suka fara ba. A Afrilun 1969 ɗalibai baƙaƙe da 'yan Puerto Rico sun ɗaure ƙofofin City College da sarƙa, kuma a 1970 jami'ar birnin ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare a garin.

'Yata ta zauna jarrabawar SHSAT a zagayen da sakamakonsa ya fito a Maris 2019, ba ta ci ba. Maki kaɗan ya rage mata. Akwai shirin Discovery, wanda aka faɗaɗa zuwa kashi 20 na gurabe, na yaran da suka kusa ci daga gidaje marasa hali da makarantun unguwannin talakawa. Albashina da na mahaifiyarta ya fitar da ita daga ciki. Ta zo tana kuka ta ce, "Abba, ai mu ma baƙaƙe ne, kuma a Port Richmond muke." Na ce mata haka ne, amma ubanki na da digiri, kina da tebur da fitila da wanda zai duba miki lissafi da dare, ƙawarki da ubanta ke tsayuwar jiran aiki a kusurwa ba ta da ko ɗaya. Ya yi min ciwo in faɗa, domin a ranar na gane cewa a lissafin garin nan 'yata ce ɗan babban sakataren. Na yarda da hukuncin a lokacin, na yarda da shi yanzu. Ta yi sakandaren unguwa, ta wuce Kwalejin Staten Island.

Ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina. Maƙwabcina ya yi murna, ni ban yi ba, kuma ranar ba mu daɗe a ƙofar gida ba.

A Nijeriya kuwa, duk lokacin da aka fitar da makin shiga kwalejojin tarayya sai an yi mana dariya. Na 2013 ya fi yawo: ɗan Anambara na buƙatar 139 cikin 200, yaro namiji daga Zamfara 4, daga Yobe 2. 'Yan kudu na da hakkin yin fushi, yaron da ya ci 130 aka bar shi bai yi wa kowa laifi ba. Ni fushina na gwamnonin da suka karɓi shekaru arba'in na wannan rangwame suka bar firamare ba rufi ba malami ne. Ban yarda a soke kason ba, domin ranar da aka soke shi ɗan babban sakatare zai tafi jami'ar kuɗi ko Masar ko Malesiya, ɗan ƙauye ne kaɗai zai rasa. Abin da nake so shi ne a ƙara tambayoyi a kan takardar asalin da shugaban ƙaramar hukuma ke sa wa hannu: wace firamare yaron ya yi, ta gwamnati ko ta kuɗi, a wane gari, mene ne aikin uban, uwar ta yi makaranta ko ba ta yi ba.  Wanda ya yi karatunsa duka a makarantar kuɗi a Abuja ya nemi gurbinsa cikin kashi 45 na maki, ya bar kashi 20 ɗin ga wanda ya yi firamare a Ɗanja ko Maradun ko Gaidam.