Makarantar Zane Tana Ƙetaren Jibiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarmu mai farin jini, domin in yi wa 'yan'uwana ma'aikata da malamai magana a kan wata sana'a tamu wadda ke neman ɓacewa muna kallo, watau zanen gida.

A ƙasar Italiya akwai wata al'ada wadda ta ba ni sha'awa ƙwarai. Mutum ko akawu ne, ko likita, ko malamin makaranta, idan ya sami hutu sai ya taso daga Ingila ko Amurka, ya biya kuɗi, ya sauka a wani gidan gona a ƙauyukan lardin Taskani. A nan zai zauna mako ɗaya ko biyu tare da gwanin zane, su ci abinci tare, su fita da safe suna zana duwatsu da itatuwan zaitun, da maraice gwanin ya duba aikin kowa ya gyara. Dalilinsu kuwa shi ne, zane ba ya koyuwa daga littafi kaɗai, sai an zauna inda ake yinsa. Sun kuma gaji abin ne. Wani mai zane na can, Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafin sana'ar wajen shekara ta 1400, shekara goma sha biyu ya yi a hannun maigidansa.

Mai albashi irin nawa ba shi da halin zuwa Italiya. Amma kuwa ƙetare iyaka don neman ilmi bai fi ƙarfinmu ba, gama iyaka ga ta nan a bakin ƙofarmu. Saboda haka da hutuna ya zo, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da magina ke kama aiki, sai na nufi Damagaram ta hanyar Jibiya.

Daga Katsina zuwa Jibiya kamar mil talatin ne, kuma mai hankali da rana yake bin hanyar. Kusa da garin akwai Magama, inda ake duba takardu. Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci zai ga ganuwa ko babban kogi. Babu ko ɗaya. Karan geron da ke wannan gefe shi ne a wancan gefe, 'yar tallan fura Hausarta ɗaya da ta Ɗan Isa, garin farko na ƙasar Nijar. Gulbin da ya ratsa ƙasar Jibiya ma shi ne ya gangara Maraɗi, kāna ya komo Nijeriya ya faɗa gulbin Rima, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Abin da ya sake kaɗai shi ne rubutun alluna ya koma Faransanci, naira ta koma sefa, lissafi kuma ya koma na dala, har in an ce maka dala ashirin, tamma ɗari ke nan.

Ba abin mamaki ba ne. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta na dā suka yi gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Ingilishi da Faransawa ne suka shata iyakar a kan takarda, suka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Duk da haka kada a raina ta. An rufe ta a watan Agusta na 2019 sai ƙarshen 2020, aka sāke rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Kowa ya yi ta lissafin hasarar 'yan kasuwa, amma ban ji wanda ya yi lissafin almajirin da aka raba da malaminsa ba.

Na wuce Maraɗi, na bi ta Tasawa, tafiyar kamar mil 150, na isa Damagaram, wadda ta kasance babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926. A unguwar Birni, kewayen fadar Sarki, a nan ne idona ya ga abin da na zo nema: zaure bayan zaure da zankwaye a kai, fuskar bango cike da dagi da takobi da allo da wata da tauraro, waɗansu na tsohuwar ƙasa, waɗansu an shafe su da launi.

Wani dattijon magini ya karɓe ni, ya ba ni shimfiɗa a zaurensa, na kwana goma sha huɗu ina cin tuwon gidansa. Kwana uku na fari bai bari na taɓa bango ba. Aikina tattaka ƙasa da ramno tare da yaransa, har ƙafa ta san lokacin da kwaɓi ya nuna. Da dare kuma sai ya share ƙasa, ya zana dagi da yatsa, ya goge, ya ce in yi. A makaranta an koya mini zane da fensir da rula, amma shi ba ya awo da kome sai taƙi da ido, kuma in ya gama, hagu ba ta fi dama ba.

Ranar da muka hau tsani ne na fahimci asirin abin. Ana yaɓa ƙasa daidai wurin da hannu zai iya gamawa, a fitar da zanen da yatsu tun tana ɗanya, a kwakkwafe gefensa, a lailaye. In ta sha iska, shi ke nan, ba ta karɓar gyara, sai a kankare a sāke. To, haka nan Italiyawa ke yin zanensu na bango da suke kira firesko: su shafa farar ƙasa gwargwadon aikin yini ɗaya, su sa launi tun ba ta bushe ba, domin launin ya shige cikinta. Da wannan dabara ce Mikelanjelo ya zana rufin wata majami'a a Rum daga 1508 zuwa 1512. Wani launinsu mai suna siyena kuwa ƙasa ce kawai, daga garin Siyena ta samo suna, 'yar'uwar jar ƙasarmu. Su ma sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai da nasu harshen.

Mu kuma muna da abin da su ba su da shi. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafe bango da ita don ruwa ya zame. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara, ya yi ƙarfi kamar siminti. Ga malamai masu shakkar zane kuwa, ina tabbatar musu a iyakar zamana ban ga dattijon nan ya zana abu mai rai ba ko sau ɗaya.

Abin baƙin ciki, ya gaya mini 'ya'yansa sun koma aikin bulo da kwano, gama nan kuɗi yake, kuma ba na ganin laifinsu. Amma a tuna, daga cikin masu wannan sana'a ne aka sami Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ginin da masana na duniya suka rubuta littattafai a kansa. Gwanin da ya mutu bai koya wa kowa ba, da iliminsa ake binne shi, kuma bangon ƙasa in ba mai gyara, damina kaɗan ta ishe shi.

Don haka ga shawarata. Ƙananan hukumomi da makarantun horon malamai na Katsina da Daura su riƙa zaɓen samari masu hannu, su aika da su Damagaram ko Zariya lokacin hutu, su zauna gidan magina, a biya maginan ladansu da mutunci. Masu hali kuma, in sun gina gidan siminti, su bar wa gwani fuskar zaure ya ƙawata, gama sana'ar da ba a saye ba ta samun magaji. An kuwa aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya a 2021. In Allah ya sa ta kammala, ina fata a ga almajiran zane a cikinsa, ba buhunan wake kaɗai ba.

Ina roƙon duk mai karatu da ya san wani gwanin zanen gida a garinsu ya rubuto wa Edita, domin mu san ko nawa suka rage. Allah ya sa mu dace, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Katsina.