Farautar da Ba Ta da Nama

Ɗiyata ce ta tono rigar. Mun shiga ɗakin ajiya neman akwatin tafiya, sai ta jawo wata riga mai tauri kamar busasshiyar fata, ta ce, "Baba, wannan ta wane ce?" Na ce tawa ce. Ta dubi rigar, ta dubi tumbina, ta kwashe da dariya. Shekara goma sha biyu ke nan rabona da ita.

Na zo Liyon daga Damagaram karatu a 2002, kuma a nan wani abokin karatu ya ja ni gidan wasan harbi. Bindigar iska ce, ba ta albarushi ba. Mutum ya tsaya a nisan mita 10, ya harba ɗan harsashin darma mai faɗin milimita 4.5, har sau 60. Tsakiyar abin bara, inda ake samun maki goma, ɗigo ne na rabin milimita, kamar tsinin allura. Da na yi wa mahaifina bayani ta waya, shi da ya tashi gidan maharba, sai ya ce, "To, wace irin farauta ce wannan da ba nama?" Duk da haka, in na kira gida sai ya tambaye ni nawa na ci. Mafi yawan abin da na taɓa samu 581 ne cikin 600, kuma ya riƙe wannan lamba a ka, yana faɗa wa abokan hirarsa.

A 2011 ya kwanta ciwo. Kuɗin da nake kashewa a wasa suka koma na magani, hutuna ya koma na zirga-zirga zuwa gida. Bayan rasuwarsa ban sake buɗe jakar bindigar ba. Na riƙa ce wa mutane aiki da yara ne suka hana ni. Gaskiyar ita ce babu sauran wanda zan kira in faɗa wa maki.

Na koma a 2023, saboda ɗiyata ta nace sai ta ga yadda ake yi. Maiɗakina cewa kawai ta yi, "Malam, kai da ciwon baya?" Ban tanka ba.

Ashe komai ya bar ni a baya. Tukunyar iskar bindigata ta wuce wa'adinta na shekara goma, dole na sayi sabuwa. Rigar ta ƙi maɓalluwa. Takardar bara da muke jawowa da igiya ta zama na'ura mai nuna inda harsashi ya faɗa nan take. Lissafin ma ya sauya: tun 2013 hukumar wasan ta duniya ta raba kowane maki gida goma, har ya zama harbi mafi kyau 10.9 ne, jimlar duka kuma 654. Wato goma ma yanzu tana da babba da ƙarama.

Amma abin da ya fi ci mini rai idona ne. A wannan wasa ba abin bara ake zuba wa ido ba, zoben saiti na bakin bindiga ake kallo. Na ɗora kunci, na leƙa, sai na ga zoben ya yi dishi-dishi kamar wata a cikin hazo. Sai da aka yi mini gilashi na musamman. Ƙwaƙwalwata ta tuna komai: a sauke numfashi rabi, a bar nauyin bindiga ya bi ƙashi ya sauka a kwankwaso, a matsa kunama a hankali har harbin ya fita da kansa. Jiki kuwa ya ce bai san zancen ba. Jiki magayi.

Bayan wata biyar na shiga ƙaramar gasa. Minti 75 ake bayarwa. A damana akwai yarinyar da ba ta fi shekara sha shida ba, tsaye ƙyam kamar an dasa ta. Ni kuwa tun harbi na ashirin bayana ya fara zafi, bakin bindiga yana rawa. Na harba bakwai. Raina ya ɓaci, na yi gaggawa, na sake harba bakwai. A nan na ajiye bindigar, na zauna.

Ina zaune na gane da wanda nake takara. Ba yarinyar ba ce. Saurayin nan ne mai 581, wanda mahaifinsa ke jiran wayarsa. Shi nake ta kora, kowane harbi ina auna shi da nasa, alhali harsashin da ya fita ba ya dawowa. Na tashi, na ce wa kaina saura guda ɗaya, shi ne wanda ke cikin bindiga. Haka na riƙa faɗa har na kai sittin.

Na tashi da 574.2. A sabon lissafi wannan ƙasa yake ƙwarai, don yarinyar ta haura 610. Ni ne na biyun ƙarshe.

A mota ɗiyata ta ce, "Baba, nawa ka ci?" Tambayar ta daki ƙirjina, na ɗan jima kafin in iya buɗe baki. Na faɗa mata. Ta ɗauko alƙalami ta rubuta a bayan hannunta, ta ce wata mai zuwa za ta sake tambaya.

Yanzu duk Laraba da yamma ina can. Har yau ba nama, kamar yadda tsoho ya faɗa. Allah Ya jiƙansa.