Kalmar da Aka Auna da Tsawonta

Ƙamus iri biyu ne a hannun matasanmu yau. Akwai wanda muka sani, mai jera kalmomi daga A zuwa Z, kowace da ma'anarta a gefe. Akwai kuma na masu wasan Scrabble, wanda ba ruwansa da ma'ana. Shi tsawo yake aunawa: masu harafi biyu a shafi guda, masu uku a na gaba, har zuwa masu bakwai da takwas. Sai kuma rukunin waɗanda ke da Q ba tare da U ba, da waɗanda wasula suka yi wa yawa, da waɗanda ba su da wasali ko ɗaya.

Dalilin wannan tsari yana cikin wasan kansa. Allon gida 15 ne a tsaye, 15 a kwance, ƙwayoyin haruffa 100, kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai. Q da Z maki goma-goma ne, E kuwa maki ɗaya, don ita ce ta fi yawa a jaka. Wanda ya zubar da bakwai ɗinsa a tashi ɗaya yana samun ƙarin maki 50. Saboda haka gwani ba ya tambayar abin da kalma take nufi. Tambayarsa ita ce: za ta shiga wannan gurbi? Yana hardace cewa haruffan AEINRST suna ba da RETAINS da NASTIER da RETINAS, yana kuma riƙe da 'yan ƙananan irin su QI da ZA da XU kamar yadda ɗan tireda yake riƙe da canji.

A Kakuri na tashi, lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ana jin jiniyar canjin ma'aikata daga cikin ɗaki. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, da sauran 'yan uwanta sun tara mutane daga kowane lungu na Nijeriya, kuma da yamma kowa da wasansa: dattawa a kan dara, samari a kan ludo, akawuna da malaman makaranta a kan allon haruffa. A wurinsu na fara ganin mutum ya ajiye kalma, an ƙalubalance shi, an buɗe littafi, an same ta, an ba shi makinsa, ba tare da ko mutum ɗaya ya nemi sanin abin da take nufi ba. Masaƙun sun yi shiru, allon bai mutu ba. Yanzu ya koma cikin waya.

Ba na raina wannan fanni. A watan Nuwamba na 2015, Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, bayan ya doke Lewis Mackay na Ingila a wasan ƙarshe. An san 'yan wasan Nijeriya da fifita gajerun kalmomi, masu toshe wa abokin karawa hanya, a kan dogaye masu burge 'yan kallo. Wannan lissafi ne da haƙuri da horon ƙwaƙwalwa, kuma duk malami zai so ɗalibinsa ya same su.

Amma a shekarar nan ta 2015 wani abu ya faru da ya kamata iyaye su sani. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya hardace cikin 'yan makonni. Wanda ya ce wa ɗansa "ka dage da wasan nan, Turancinka zai gyaru" sai ya tsaya ya yi tunani a kan wannan. Rubutun kalma zai gyaru, babu shakka. Gina jimla kuwa, da sanin inda kalma ta dace da inda ba ta dace ba, sai a littafi da bakin mutane. Ina ganin bambancin a takardun ɗalibaina: kalma mai nauyi, an rubuta ta daidai, an ajiye ta inda ba gidanta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗan ƙanena da ya kawo mini jerinsa na masu Q, yana alfahari ya haddace su duka. Na ce ya karanto. Ya ce QADI, QIBLA, TALAQ, NIQAB, FAQIR. Na ce, "Ɗana, me suke nufi?" Ya ce, "Baffa, ai ba a tambaya." Yaron da yake fuskantar alƙibla sau biyar a rana, wanda ya san alƙali, ya san niƙabi da faƙiri, bai gane su ba da suka zo masa cikin rigar Bature. Jerin ya koya masa ya ƙirga haruffa, bai bar shi ya saurari kalmar ba. Da na nuna masa, ya yi dariya, sannan ya gano da kansa cewa ZAKAT da NAIRA da KOBO ma suna ciki.

Daga nan muka shiga wata tambaya: ina namu jerin? Muna da ƙamusun Bargery na 1934, muna da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kayan aikin suna nan. Sai dai wanda zai jera Hausa bisa tsawo dole ya yanke hukunci a kan abubuwan da muke kauce wa. Shin "sha" harafi biyu ne ko uku? "Ts" ƙwaya ɗaya za ta zama? Ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda muke yasarwa a saƙon waya, su ne za su ɗauki maki mai tsoka, domin a kan allo "kafa" ba za ta wuce a matsayin "ƙafa" ba. "Gari" na zama da "gari" na tuwo kuwa gurbi ɗaya za su raba, tunda rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali.

Mun yanka kwali, mun fara da masu harafi biyu: ci, ji, yi, zo, je, so, ƙi, bi, fi, ja. Har yanzu muna gardama a kan yawan ƙwayoyin A da za a zuba a jaka. Shi ya ce ashirin, ni na ce ba za su isa ba.