Mura Ce Kawai? Ban Da Wanda Ba Shi Da Saifa



Mu da muka taso a Arewa mun saba ɗora wa hunturu laifin mura, amma a nan Sabo ta Ibadan ba ta jiran hunturu. Da damina ta kankama, gida-gida tari ne da atishawa. A sayo farasitamol a kemis, a sha shayi mai citta, a ce kwana uku ta wuce. Ga yawancinmu haka ne. Ga ƙanena kuwa, wanda aka cire wa saifa bayan hatsarin acaba, ba haka ba ne.

Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, aikinta tace jini da kama ƙwayoyin cuta, musamman masu kawo ciwon huhu da sanƙarau. Mura mai zafi, wadda ke zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki, tana raunata hanyar numfashi, sai waɗannan ƙwayoyi su samu ƙofa. Idan babu saifa, suna iya mamaye jini cikin 'yan awoyi. Mutum ya karya kumallo da ku, kafin dare ya fita hayyacinsa. Hatsarin ya fi yawa a shekarun farko bayan tiyata, amma ba ya gushewa har abada.

Ba masu tiyata kaɗai ba ne. Yara masu sikila, saifarsu na nan a ciki amma yawanci ta daina aiki kafin su kai shekara 5. Wani bincike a Amurka a 1986 ya nuna shan fenisilin kullum ya rage musu irin wannan cuta da kashi 84 cikin ɗari. Allurar rigakafin ciwon huhu ta shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya a ƙarshen 2014, don haka manya ba su samu ba sai sun nema. Ta mura kuma duk shekara ake sabuntawa, sai a tambayi likita inda ake samunta.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne halinmu na baƙi. Ba ma son asibiti, ga Yarabanci bai zauna ba, sai a ce bari a ga gobe, ko a ce a kai shi gida Arewa. Tafiyar kwana guda a mota da zazzaɓi!

A gidanmu dokar ita ce, zafin jiki ya kai 38, ko aka ga rawar sanyi, asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Kuma a fara gaya wa likita babu saifa, a gwada maleriya ma, don ita ma ta fi tsanani a kansu.